Musayar Waƙa Kan Rajistar Maganin Gargajiya a Kumasi

Malam Sani Wanzami, Aboabo:
Da sunan Allah nake farawa, shi ne Mai warkarwa,
Ina da kuka kan dokar nan da ke ta matsowa.
Kakana ya yi ƙaho a zangon nan babu takarda,
Ya ba da sassaƙen maɗaci, jama'a suka sha suka yarda.
Yau an ce sai rajista, sai lasisi, sai kuɗin gwaji,
Talaka mai saiwa a buhu, ina zai samo agaji?

Hajiya Rabi Nas, Asawase:
Malam Sani, kakanka dattijo ne, Allah ya jiƙansa,
Amma masu buhun yau kaɗan ne suka gaji hannunsa.
Na karɓi wata uwa da dare, ƙafafunta sun kumbura,
Wata uku tana shan jiƙon da ta saya a mota cikin gora.
An ce mata yana kashe suga da basir da hawan jini,
Ƙodarta ta gaza, mai talla ya ɓace, wa zai mana bayani?

Maman Fati, Sawaba:
Hajiya, Allah ya ƙara basira. Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti yana bayanki, kuma ban ga wanzamin da zai amsa wannan baiti ba.

Zakari, ɗalibi:
Baba Sani, dokar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu Gana,
Tun 2000 doka mai lamba 575 ta kafa majalisar da ke rubuta wa masu magani suna.
A Mampong tun 1975 cibiyar Dakta Oku Ampofo ke auna ganye,
Don a san ƙarfinsa da gubarsa kafin majinyaci ya shanye.
Jami'ar Kwame Nkrumah tun 2001 tana koyar da maganin tsiro,
'Yan Zango mu shiga ciki, kada mu tsaya nesa muna tsoro.

Alhaji Bawa, Alabar:
Ɗana Zakari, ɗangonka na biyu ya karye, domin ka ɗora masa lambobin da karin waƙa ba zai iya ɗauka ba. Wanda zai yi waƙa ya auna gaɓoɓinsa kamar yadda yake son a auna magani.

Zakari:
Alhaji, na karɓi gyara, amma shekarun daidai suke, kuma su ne hujjata.

Alhaji Bawa:
Hujja daban, kari daban. Ɗangon Hajiya ma na huɗu ya yi ɗingishi, sai dai magoya bayanta ba za su faɗa ba.

Malam Sani Wanzami, bayan kwana biyu:
Hajiya, kin haɗa ni da mai tallar mota, kin ci mutuncina,
Kowane yaro da sabuwar reza nake masa kaciya a gidana.
Hukumar Abinci da Magunguna ce ke tantance talla, mun sani,
To me ya sa rediyo ke cika mana kunne da mai warkar da kowane rauni?
Mai zaure sananne shi ake nema da takardar gargaɗi,
Mai lasifika ya sauka a kasuwar Kejetia, ya ƙirga riba da daɗi.
Zakari, zan ba ka jiƙon shawara ka kai Mampong a gwada,
In an rubuta haɗin kakana, wa zai hana wani ya sa a kwalba ya saida?

Hajiya Rabi Nas:
Malam, ban nufe ka ba, ka yafe, na san tsabtar askarka,
Ka kai jiƙon, ni zan biya kuɗin motar, in raka ɗanka.