Idan Jariri Ya Zo Da Mazaunai: Tiyata Ko Mace Ta Haihu Da Kanta?

A wata tattaunawa kan ko tiyata ya kamata a yi ko mace ta haihu da kanta idan jariri ya zo da mazaunai, shawarwarin da mata da ungozomomi suka bayar sun fara ne daga awo. Jarirai 3 zuwa 4 cikin 100 ne ke kaiwa watan haihuwa kansu na sama, kuma hoton ciki ne ke tabbatar da hakan. A mako na 36 ko 37 likita kan iya juya jaririn da hannu ta saman ciki, abin da ke yin nasara a kusan rabin lokuta, amma an yi gargaɗi sosai kada a bari a gwada shi a gida.

Masu goyon bayan tiyata sun kafa hujja da babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2000, wanda ya nuna cewa tiyatar da aka shirya tun da wuri ta fi rage wa jaririn haɗari. Wasu kuwa sun tunatar cewa tabon da ke saura a mahaifa yana ƙara haɗarin tsagewarta a cikin da zai biyo baya, wanda ba ƙaramin lamari ba ne ga macen da ke son 'ya'ya da yawa kuma take nesa da asibiti.

An yarda mace za ta iya haihuwa da kanta idan jaririn matsakaici ne, ƙafa ba ta riga mazaunai sauka ba, kuma akwai ƙwararren likita da ɗakin tiyata a shirye. Idan faya ta fashe, a garzaya asibiti nan take, domin cibiya kan iya riga jaririn fitowa.