Abin da aka tsayar kan daidaita lissafi da awon taransifoma

'Yan'uwa injiniyoyin Legas, ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan yadda za a gina samfuri, wato kwatancen taransifoma a lissafi, wanda zai dace da abin da aka auna a firikwansi daban-daban:

1. Kowa ya yarda awo ne tushe. A raba taransifoma da layi, wayar ƙasa ta zama gajeriya, a rubuta matsayin tap, wato makunnin da ke daidaita ƙarfin wutar da taransifoma ke fitarwa. Gurɓataccen awo, babu lissafin da zai gyara shi.

2. Mafi yawa sun zaɓi hanyar Vector Fitting ta Gustavsen da Semlyen, ta 1999. Ana farawa da fol (pole a Turance, lambobin da ke nuna firikwansin da samfuri ke amsawa da ƙarfi) bibbiyu a warwatse cikin faɗin firikwansi, a maimaita lissafin har su daina canzawa. Fol ɗin da ya faɗa ɓangaren dama na zanen lissafin, inda yake sa sakamako ya tashi ba iyaka, a juyo shi hagu.

3. An rabu kan yawan fol. Wasu sun ce a ƙara har kuskure ya ragu, wasu sun ce yawansu na sa samfuri ya bi hayaniya, wato gurɓatar da ke cikin awo. Ina tare da na biyun.

4. Masu aiki a masana'antun Ikeja da Apapa sun nace a ba 250 da 350 Hz nauyi, tunda ninki biyar da ninki bakwai ne na 50 Hz ɗin layinmu, kuma na'urorin sarrafa gudun injin lantarki, masu haifar da su, sun yawaita.

5. Kafin kwaikwayo a kwamfuta, a tabbatar samfurin ba ya ƙirƙiro makamashi da kansa, in ba haka ba sakamakon zai tashi ba iyaka.