Baƙar fata a Ingila: dole ne sai mun sha bitamin D?

Baban Yusra: Jama'a, ni ban yarda da maganar nan ba. A Amurka an gwada, baƙaƙen fata bitamin D ɗinsu ya fi na Turawa ƙasa a jini, amma ƙashinsu ya fi ƙarfi. Ashe ma'aunin ne bai dace da mu ba.

Anti Nas: Malam, binciken 2013 kake nufi, kuma daga baya masana sun soki irin gwajin da aka yi amfani da shi. Kano tana daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, Manchesta 53. Daga Oktoba zuwa Maris ranar nan Ingila ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin D da ita. Mu kuma duhun fatarmu yana tare hasken. Shi ya sa NHS, hukumar lafiya ta Ingila, ta ce masu fata irin tamu su duba shan maikirogiram 10 (wato 400 a ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin kwalba) kullum, duk shekara.

Baban Yusra: To ai a Jos ma, da rana tsaka, yara na lanƙwashewar ƙafa.

Anti Nas: Wancan ƙarancin kalsiyam ne, sinadarin da ke gina ƙashi, a abinci, an nuna haka tun 1999. Na nan daban ne. Na ga jaririyar da ta fara jijjiga a watan Fabrairu, nono zalla take sha, uwar kullum cikin hijabi da rigar sanyi, fita sai ta mota. Ɗigon bitamin D kaɗan a baki kullum da ya hana. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Hajiya Babba: Allah sarki. Ni 'yar nan, ina zama jikin taga in rana ta leƙo.

Anti Nas: Hajiya, gilashi yana tare hasken da ake buƙata. Kifin titus, sadin da gwaiduwar ƙwai suna taimakawa, amma ba sa isa.

Maman Hanif: Ni fa IU dubu goma nake sha kullum, an ce yana hana kansa.

Anti Nas: Ki rage, ƙanwata! Iyakar babba 4,000 ne a rana a ma'aunin IU, fiye da haka na tsawon lokaci yana iya taɓa ƙoda. Babban gwajin Amurka na 2018 kuma bai nuna yana hana kamuwa da kansa ba.

Baban Yusra: Na yara na yarda. Nawa kuwa sai likita ya auna jinina. Kuma a duba gelatin ɗin da ake yin ɓawon ƙwayar da shi daga dabbobi, halal ne?

Anti Nas: Akwai na ɗigo da na feshi, babu gelatin.