Fakon da Baba ya bar mini: in haƙa tassa ko in haƙura?

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya, musamman waɗanda suka taɓa noma fako.

Baba ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Da aka raba gado, gonar arewa ce ta faɗo hannuna, can daf da iyakar Nijar. Rabinta jigawa ce, gero yana yi ba laifi. Ɗaya rabin kuwa fako ne, ƙasa mai tauri kamar daɓe. In aka yi ruwa sai ka ga yana gudu a kanta kamar an zuba a faranti, ya tafi kwari. Washegari ka sa fartanya, ka tarar ko gaɓar yatsa bai jiƙa ba. Baba ya daina shuka wurin tun ina yaro. Bana na gwada dawa, ta fito, sai aka yi kwana 16 babu ruwa a watan Yuli, ta ƙone ina kallo. Ko dami biyu ban ɗaure ba, kuma bakuna tara nake ciyarwa.

Ranar Alhamis a kasuwa wani mai sayar da raƙuma ya ce mini su can Nijar tassa suke haƙawa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa. Ya kwatanta da hannu, amma hayaniya ba ta bari na gane ba. Yaya girman ramin? Yaushe ake haƙawa? Awakina bakwai ne kawai, takinsu zai isa? Ba ni da kuɗin rijiya ko injin ban ruwa, ƙarfina kaɗai gare ni.

Baban Adar:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Kada ka haƙura da wannan fako. Mu nan Badagishiri, a ƙasar Illela ta Nijar, irinsa muka tayar. A 1989 aka kai wasu manomanmu Yatenga ta Burkina Faso, ƙasar su Yakubu Sawadogo, manomin da ya yi suna a wannan aiki, suka ga ramukan da Mosawan can ke kira zai, mu kuma tassa, suka dawo da dabarar. Kafin nan fako ko kyauta aka ba ka ba ka so. Daga baya har saye ake yi.

Da rani ake haƙawa, ba a jiran damina. Diga za ka nema, fartanya ba ta iya masa. Faɗin rami taƙi ɗaya ko ya ɗan ɗara, wato santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15 zuwa 20. Tsakanin rami da rami taku ɗaya babba. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare, ta zama kamar jinjirin wata, bakinta na fuskantar inda ruwa ke fitowa. Nan ne mutane ke kuskure: in ka tara ta a sama, kai da kanka ka tare wa ramin ruwa. Layi na biyu kuma kada ya bi bayan na farko, ka sa shi a tsakani, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan.

Taki hannu biyu a kowane rami, ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba. Ɗanye yana ƙona tsiro in ruwa ya ɗauke. Za ka ga gara ta zo, ka ƙyale ta. Ita ce ke huda ƙasan ramin, ruwa ya bi hanyoyinta ya nutse. Kada ka yi binne. Ka bari a yi ruwa mai ƙarfi, sannan ka shuka.

Gaskiya aikin akwai wuya. Hekta ɗaya na cin rami wajen 10,000, kuma takin awaki bakwai ba zai kai ko'ina ba. Ka fara da 1,000 bana. Ni haka na fara, da ni da ƙanena, muna fita bayan asuba mu dawo kafin rana ta yi zafi.

Innar Sa'a Maradi:
Abin da Baban Adar ya faɗa haka yake. Ni tambayata, ɗan nan, in kuna sassabe me kuke yi da kututturan sabara da kalgo? In ƙonawa kuke, ku daina. Mu nan sassaben zamani muke yi, wanda Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya fara da manoman Maradi a 1983: in kututture ya yi toho, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, ka sare sauran. Suna karya iska, ƙasa da ganye su taru a gindinsu. In ka ga ɗan gawo ya fito, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa. Itacen girkina yanzu daga gonarmu nake samu, na huta da doguwar tafiya.

Malamin Gona, Gumel:
Ƙanena, gyara ɗaya: kada ka kai tassa ɓangaren jigawar. Rairayi ne, iska za ta cike ramukan kafin ruwa ya sauka, ka yi wahalar banza. Can abin da ya fi shi ne iri mai saurin nuna kamar geron SOSAT, da barin kara a gona bayan girbi. A fakon kuma dawa ta fi dacewa, domin gero ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Mutanen Adar suna jera duwatsu su tare gangare. Ku ba ku da dutse, sai ka dasa layin gamba a madadinsa. In ka samu ɗan takin zamani na NPK, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, wajen giram 6, ya ishi rami, amma kada ya taɓa irin.

Ɗan Maigatari:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Inna, wallahi ƙonawa muke yi, bana ma na ƙona sabara ta fi ashirin, amma na duba jiya wasu sun sake toho, zan bar su. Na yi magana da abokaina huɗu, za mu yi gayya bayan an gama sussuka, rami 1,000 a nawa, sannan mu koma nasu. Na fara tara kashin awaki da toka da sharar gida a rami bayan danga. Baba, abu ɗaya ya rage: in shekara ta zagayo, sababbin ramuka ake haƙawa, ko tsofaffin ake yashewa a ƙara taki?