Tambaya a kan lambar 2,147,483,647

Ɗalibin Lissafi: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske a kan lambar 2,147,483,647, wadda nake yawan gani a littattafan koyon shirya manhaja a matsayin iyakar ƙidaya. An kuma ce firam ce, wato ba ta rabuwa ba tare da saura ba sai da 1 ko da ita kanta. Ta yaya aka tabbatar da haka, kuma shin dalilin da ya sa aka zaɓe ta ta zama iyaka ke nan?

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam. Idan ka jera 2 har sau 31 ka ninka su da juna, sannan ka cire 1, wannan lambar za ka samu. Irin waɗannan ana jingina su ga Marin Mersenne, malamin kirista ɗan Faransa da ya yi rubutu a kansu a 1644, amma ba dukkansu ne firam ba, domin 2,047 da take fitowa idan an jera 2 sau 11 daidai take da 23 sau 89. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da cewa 2,147,483,647 firam ce a 1772, kuma yadda ya yi shi ne abin da ya fi burge ni. Ya san ba sai an gwada abin da ya haura 46,340 ba, tunda duk lambar da take rabuwa dole ɗaya daga cikin masu raba ta ya kasance ƙarami, wanda in aka ninka shi da kansa ba zai wuce ta ba. Sannan ya nuna cewa duk firam ɗin da zai iya raba ta, idan aka raba shi da 248, saura 1 ko 63 zai bari. Da haka gwajin ya ragu zuwa ƙasa da 400, aikin da alƙalami da haƙuri za su iya.

Mai Shirya Manhaja: Allah ya saka wa Malam da alheri. Game da tambaya ta biyu, ɗan'uwa, ba zaɓar ta aka yi ba, dacewa ce kawai. Kwamfuta tana adana lamba a gurabe ne, kowane gurbi yana ɗaukar 0 ko 1 kawai. Idan an ware gurbi 32 don adana lamba, ɗaya yana tafiya wajen nuna ko tana ƙasa da sifili, sauran 31 kuwa idan duk suka cika da 1, wannan lambar suke bayarwa. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, ta gurbi 64 ma haka aka gina ta, kuma dukkansu biyu suna rabuwa da 7, wato ba firam ba ne. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne na'urorin da suke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 da gurbi 32, domin ma'ajinsu zai cika ranar 19 ga Janairu 2038.

Malamin Sakandare: Haka ne. Ƙari a kan haka, ita kanta 31 firam ce ta Mersenne, kuma idan ka ninka 2,147,483,647 da 1,073,741,824 za ka samu 2,305,843,008,139,952,128, wato ta takwas a jerin cikakkun lambobi irin su 6 da 28, waɗanda jimillar masu raba su, ban da su kansu, take komawa daidai da su.