Kafin ka kalli The People Under the Stairs

Masana finafinan ban tsoro da suka tattauna kan wannan fim na darakta Wes Craven, na 1991, sun ce ba a ba shi haƙƙinsa ba. Shawarar farko, kada ka zauna jiran aljanu. Dodannin mutane ne: wa da ƙanwa masu gidajen haya a Los Angeles, suna korar talakawa, suna tara zinariya, yaran da suka sato kuma na kulle a ƙarƙashin gida.

Akwai barkwanci a fim ɗin, kuma wajen fahimtarsa ake yawan kuskure. Maigidan da ke ihu yana harbin bangon gidansa, da gangan aka zuzuta shi don a ga haukar kwaɗayi. A lura da Roach, yaron da aka yanke wa harshe saboda laifin neman agaji. Fim ɗin minti 102 ne, kuma a bari yara su kwanta tukuna.