Neman shawara: wajen mai kiwo zan sayi ƙadangare ko a shago?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na daɗe ina sha'awar ajiye ƙadangaren nan mai gemu ɗan asalin Ostareliya, to na ga wasu a shagon sayar da dabbobi su biyar cikin akwatin gilashi ɗaya, in na so yau ɗin nan zan ɗauko har da akwatin. Sai kuma wani mai kiwonsu a gida yace in jira sati 6 nasa su ɗan tasa tukuna. Ban taɓa riƙe irin dabbar nan ba kuma gaskiya zumuɗi ke ɗibata. Wanne ya fi?

Wani tsohon mamba:
Wa alaikumus salam malam. Ka jira wallahi, sati 6 ɗin me ne a kan dabbar da za ta yi shekara 10 ko fiye a hannunka. Shi mai kiwo zai gaya maka ranar da aka ƙyanƙyashe shi, ya nuna maka uwa da uba, ya gaya maka gyare nawa yake ci a rana, kuma in ya daina cin abinci da dare ma kana da wanda za ka kira. A shago sau da yawa yaron da ke tsaye bai ma san daga ina aka kawo su ba. Sannan wannan haɗa su biyar ɗin ma kuskure ne, dabba ce mai zaman kaɗaici, babban zai hau kan ƙananan ya tare musu zafin fitila, wani lokaci har su gutsure wa juna yatsu da bindi. Koma ka ƙirga yatsunsu ka gani.

Wani mamba:
Ni fa ban yarda a ce duk shago banza ne ba, nawa a shago na saya shekara 4 ke nan lafiyarsa ƙalau. Kuma cikin masu kiwon ma akwai 'yan neman kuɗi kawai, launi suke bi ko da dabbar za ta fito da larura, kamar mesar nan mai zanen gizo-gizo da kanta ke rawa. Batun kamowa daga daji kuwa, shi mai gemu da sauƙi, Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta tun da daɗewa, kusan duk wanda ka gani a kasuwa haifaffen gida ne. Inda abin ya fi muni shi ne mesa da hawainiya, nan ne ake kamowa daga daji a sayar maka da kaska da tsutsar ciki, ka kai gida ta ƙi cin komai.

Wata 'yar uwa:
Yayana ko ina ka saya ka duba da idonka. Ido a buɗe tar, gindin bindi da tsoka, babu kashi manne a ƙasansa, ka ce a ba shi abinci a gabanka. In muƙamuƙinsa ya yi laushi ko ƙafa na karkarwa, ciwon ƙashi ne na rashin hasken UVB (wani haske da ke cikin hasken rana, akwai fitilarsa ta musamman) da sinadarin kalsiyam, kar tausayi ya sa ka ɗauka, ni tausayin ne ya kai ni na sha jeka-ka-dawo wajen likitan dabbobi ƙarshe ya mutu. In da yara a gida a dinga wanke hannu da sabulu, ƙadangarun kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, ita ce ma ta sa Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. To in sayi akwatin shagon in ajiye kafin na mai kiwon su isa?

Tsohon mamban:
Tambayi girmansa tukuna, waɗanda ake haɗawa da jarirai kafin shekara sun yi masa kaɗan, babba yana son mai tsawon ƙafa 4. Ka kunna fitilun ka gwada kwana biyu, wajen shan ɗuminsa ya kai kamar digiri 40 a ma'aunin Celsius, ɗaya gefen kuma da sanyi-sanyi, sannan ka je ɗauko shi.